Daga Ƙofar Ruwa zuwa Bukuru a Kan Sawun Soket

Duk wanda ya riƙe tsohuwar mota ya san ba kullum rashin kayan gyara ke tsayar da aiki ba. Wata rana ga boris, ga sil, ga giris, ga bakanike ya naɗe hannun riga, amma abin da za a kwance notin da shi ne babu. A nan ake gane garejin kirki. Wani zai ɗauko cizal da guduma ya sassare kan notin har ya juyo, ya mayar da shi a haka, ya bar wa na baya wahala. Wani kuwa zai goge hannu ya ce a je a nemo abin da aka yi domin notin.

Bakanikena na kashi na biyu ne. Dattijo ne da yaransa ke kira Oga, mu ma muka bi bakinsu. Motar kuwa Landiroba ce ƙirar Series IIA, irin wadda kamfanin Rover ya yi ta ƙerawa a Solihull ta Ingila daga 1961 zuwa 1971. Sitiyarinta a dama yake, don ta shigo ne tun kafin Afrilun 1972, lokacin da Nijeriya ta sauya hannun tuƙi. Mahaifina ya saye ta a gwanjon gwamnati, ta yi jigilar taki da gyaɗa har ta gaji, da aka zo rabon gado ta faɗo hannuna.

Wannan mota awo uku take amfani da su. Injinta ɗaure yake da noti na inci, irin waɗanda ake rubuta wa sufanarsu AF. Giyabos da aksul ɗinta kuwa cike suke da notin tsohon awon Birtaniya, mai alamar W ko BS. Na ukun shi ne milimita, wato duk notin da bakanikai suka cusa mata cikin shekarun da ta yi tana yawo tsakanin gareji da gareji. Oga ya yagi kwalin fulogi ya rubuta abin da muke nema: soket mai lamba 9/16 siririn baki domin notin farfela, babbar bokis sufana ta notin da ke riƙe da boris ɗin ƙafa, wanda faɗinsa inci 2 da 1/16 ne, kusan milimita 52, sai soket uku masu harafin W, wato 3/16 da 1/4 da 5/16. Ya ce da ƙafarsa za a je, domin yaro ba zai gane na gaske ba.

Da Ƙofar Ruwa muka fara, tunda a Kano idan ƙarfe ya ɓace maka can ake dosa. Muka ratsa layin rodi da na fayif, muka wuce masu kayan Beljiyam da injuna jibge a bakin rumfa, muka shiga layin masu kayan aiki. Akwatunan soket ne reras, ja da shuɗi da baƙi, kusan dukkansu 'yan China, daga lamba 8 zuwa 32. Wani saurayi ya tare mu.

“Alhaji, me za a kawo? Akwai saiti cikakke, har da rachet.”

Oga ya miƙa masa kwalin. Ya karanta, ya juya shi, ya ce, “Baba, wannan W ɗin sunan kamfani ne?”

Maigidansa da ke zaune a kan benci ya yi dariya ya karɓi kwalin. Shi ya san abin. Ya ce yana yaro ubangidansa na ajiye su saboda masu Bedford da Austin da Morris, amma shi tunda ya buɗe rumfarsa bai taɓa saro ko ɗaya ba. Ya yi mana lissafi a fili. Ɗan kasuwar da ya je Guangzhou ko Dubai kwantena yake cikawa, kuma abin da zai juya cikin wata yake sawa a ciki. Lamba 10 da 12 da 14 da 17, waɗanda ke kwance Toyota da Honda da babur da Keke Napep, ko katan nawa ya kawo za su ƙare. Soket ɗin W kuwa sai ya shekara a kan kanta kafin mutum ɗaya ya tambaya. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, babu mai jarin da zai kwantar da kuɗinsa a kan abin da ba ya motsi.

Ba mu kaɗai muke neman abin da kasuwa ta manta ba. Muna tsaye wani ya zo neman lamba 36 mai kauri, domin notin aksul ɗin baya na Volkswagen ƙirar Beetle, wanda ake ɗaure shi da ƙarfin da sai an sa dogon fayif mutum ya hau kai. Wani kuma makullin nan mai kusurwa huɗu yake nema, na kwance notin juye baƙin mai a Fijo. Mai lamba 36 ya samu, domin manyan motoci na amfani da ita har yau. Kuɗinta ita kaɗai ya kusa na ƙaramin saiti guda. Mai rumfar ya ce haka abin yake: soket ɗin da ya fita daga cikin akwati ya zama na kansa, farashinsa ma na kansa ne.

Lamba 9/16 a cikin wata tsohuwar fanteka muka tono ta, a rumfar mai kayan gwanjo, cikin tarkacen da ke zuwa a but ɗin motocin Amurka. Oga ya ɗauki uku ya jera a tafin hannu. Ya ajiye mai kusurwa goma sha biyu, ya ce wannan a kan tsinin noti yake kamawa, idan notin ya yi tsatsa sai ya murje shi. Mai kusurwa shida shi ke rungumar gefen noti sosai. Ya ajiye na biyu saboda rubutun jikinsa fenti ne kawai, ba a huda shi cikin ƙarfen ba, kuma kwalliyar azurfar har ta fara ɓarewa. Ya riƙe na ukun, ya sa shi a bakin rachet ɗin mai rumfar ya girgiza don ya ji ko yana rawa. Ramin bayan soket, inda hannu ke shiga, da inci ake auna shi a ko'ina cikin duniya, kwata ko 3/8 ko rabi, ko da bakin soket ɗin milimita ne, shi ya sa ɗan Amurka ya zauna daram a rachet ɗin China. Mai kayan ya faɗi kuɗi, Oga ya taya rabi, aka ce albarka, muka yi kamar za mu wuce, aka kira mu. Sai dai bakinsa ya yi kauri, ba zai shiga lungun farfela ba. Oga ya ce wannan aikin Pantekar Kaduna ne.

Muka ɗauki hanyar Kaduna da sassafe. Bayan Kura da Kwanar Dangora, gonakin masara da dawa suka miƙe hagu da dama. A nan ne na tambayi Oga me zai hana a yi maneji da lamba 13 ko 14, tunda bambancin bai taka kara ya karya ba. Ya ce da ido ne bai taka ba. Kan notin da soket 1/4 W ke kamawa faɗinsa milimita 13.34 ne. Lamba 13 ba za ta shiga ba sai an buga ta da guduma, rabin inci ma ya fi ta matsewa, lamba 14 kuwa rawa za ta yi. Na 5/16 W milimita 15.24 ne, ya fi ƙarfin 15, bai cika 16 ba. Irinsu shida ne ke ɗaure da marfin aksul a kowace ƙafa, kuma idan ka murje kan ɗaya, sai walda. Na 3/16 W kuwa 11.3 ne. Na ce to me ya sa bai rubuta 3/8 W ba? Ya ce wannan Allah ya hutar da mu, faɗinsa milimita 18 ne da ɗan gashi, lamba 18 mai kyau tana kwance shi lafiya. Wanda bai san haka ba zai sayi saiti guda alhali uku ne ba su da madadi.

Ni kuma na ba shi abin da na sani na tarihin. W ɗin nan harafin farko ne na sunan wani injiniya ɗan Ingila, Joseph Whitworth, wanda aka haifa a 1803. A zamaninsa kowace masana'anta zaren notinta daban, notin wannan ba ya shiga na waccan. A 1841 ya fito da tsari guda, zare mai kusurwar digiri 55, kamfanonin jiragen ƙasa suka karɓa, daga nan ya zama awon ƙasar baki ɗaya, ya bi Turawan mulki duk inda suka shimfiɗa dogo. Amurkawa nasu zaren digiri 60 ne. A Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ba su wahala, don tankar Amurka ta lalace a hannun sojan Birtaniya ba noti ba sufana. Shi ya sa a 1949 Amurka da Birtaniya da Kanada suka amince da awo ɗaya na inci. Kamfanonin motocin Ingila ba su juya rana ɗaya ba. Sashen da aka sake wa zane ya koma sabon awo, wanda ba a taɓa ba ya zauna a tsoho, kuma giyabos da aksul ɗin Landiroba zanensu ya samo asali ne tun daga motar farko ta 1948. A 1965 kuma Birtaniya ta sanar da komawa milimita.

Oga ya ce, “To ai shi ke nan, Alhaji. Turawa suka yi rigimarsu, suka bar mu da yawon neman sufana.”

Ya ƙara da cewa zaren wannan Bature bai mutu ba, don duk fayif ɗin ruwa na ƙarfe da mai gyaran famfo ke ɗaurawa a gidajenmu, rabin inci ko inci ɗaya, da shi aka yanke bakinsa. Muka ci abinci a Zariya, muka wuce Jaji, muka shiga Kaduna rana ta take.

Panteka tun daga nesa ake jin ta. Ƙarar guduma ce a kan falle, da tartsatsin walda, da ƙaurin ƙarfen da aka yanka. Nan ake ƙera injin niƙa, da murhu, da ƙofa, da tukunyar dalma, mafi yawa daga abin da wasu suka yar. Oga yana da wani abokin koyon aiki a can, mai injin sassaƙar ƙarfe. Bayan sun gama gaisawa da tambayar iyali da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya karɓi soket ɗin 9/16 ya ɗaure a injin. Ya riƙa fere bayansa kaɗan kaɗan, yana tsayawa yana aunawa da baniya, har bakin ya yi siriri iya yadda zai kutsa tsakanin notin da gaɓar farfela. Ya gargaɗe mu kada a sa masa dogon fayif, kuma kada a sa shi a bindigar iska, don naman da ya rage a jikinsa na aikin hannu ne.

Babbar bokis sufanar ma a nan aka yi ta. Oga ya zo da tsohon notin a aljihu, duk gefensa sarar cizal ce ta bakanikan baya. Aka nemo guntun fayif mai kauri, aka gasa bakinsa ya yi ja, aka bubbuga shi a kan wani ƙarfe mai kusurwa shida da aka yanka daidai da awon notin, aka huda ɗaya ƙarshen domin sanda ta ratsa. Notin nan biyu ne a kowace ƙafa da washa mai lanƙwasawa a tsakaninsu, kuma ba a ɗaure su da ƙarfin tsiya, saita boris kawai ake yi. Don haka fayif ya wadatar, ta kamfani ma kusan haka take. Kuɗin da ya caje mu na gawayi ne da ƙarfe da lokacinsa.

Da na ce ya yi mana ƙananan ma, sai ya girgiza kai.

“Yallaɓai, zan iya goge lamba 15 da fayil ta shiga, amma ba zan sayar maka da ita da sunan soket ba. Ƙaramin noti mai tsatsa ƙarfe mai tauri yake so, wanda aka haɗa da kurom aka gasa a masana'anta. Nawa zai buɗe baki a noti na uku, ka zo kana zagina.”

Shi ya kai mu wajen masu jari bola. Wani dillalin ƙarfe ya ce irin waɗannan kaya sun sha ratsawa ta hannunsa. Masaƙun Kakuri sun fara ne da Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 da injunan Ingila, kuma kowane inji da akwatin sufanarsa. Da masaƙun suka durƙushe a farkon shekarun 2000, da yawa daga cikin ƙarafan nan suka biyo. Na tambaye shi ina suke. Ya nuna wata tirela da ake lodi, ya ce irinta ke kwashe su zuwa masu narka ƙarfe a kudu, su dawo mana a matsayin rodi.

Ya bar mu muka tona wani tsibi. Bayan hannuwa sun yi baƙi, Oga ya zaro sufana mai baki biyu, ya tofa mata yawu ya murza da babban yatsa. King Dick, ƙirar Birmingham, a gefe ɗaya an rubuta 1/4 W da 5/16 BS. Dillalin ya jefa ta a sikeli, ko allurar ba ta motsa sosai ba, ya faɗi kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Oga ya gaya masa gaskiya cewa wannan abu ne mai daraja a wurin masu nemansa. Ya ɗaga kafaɗa.

“A wurinku ke nan, Baba. Ni kilo nake saye, kilo nake sayarwa. In na tsaya karanta jikin kowane ƙarfe, yaushe tirela za ta cika?”

Muka ƙara masa wani abu a kai. Shi ne ya ce in dai soket muke so, mu hau Jos, don can ne Turawan kuza suka zubar da kaya, kuma tsofaffin fitocinsu ba su ƙare ba.

Hanyar ta Mararrabar Jos muka bi, ta Pambeguwa da Saminaka, inda buhunan masara ke tsaye a bakin titi sun fi mutum tsawo. Daga Jingir mota ta fara hawa, iska ta sauya, duwatsu suka fito ɗaya a kan ɗaya. Kafin mu shiga gari Oga ya zaro rigar sanyi.

A Dilimi, cikin layukan kayan mota, muka samu mutumin da ya karanta kwalin bai tambayi komai ba. Matashi ne, rumfarsa tsaf. Ya shiga ciki ya fito da soket ɗaya, 5/16 W, ƙirar Elora ta Jamus, a naɗe cikin leda. Kafin ya faɗi kuɗi sai ya ɗauko waya, ya buɗe shafin wani mai sayar da kayan tsofaffin motoci a Ingila, ya nuna mana farashin da fam. Ya buga da canjin ranar, ya ɗora kuɗin aikowa, ya ɗora na kwastan, ya juyo mana da fuskar wayar. Kuɗin soket ɗin shi kaɗai ya haura na cikakken akwatin China da muka gani a Ƙofar Ruwa.

“Oga, ba ni na sa ba. Ko kai ka yi oda haka zai iso maka, kuma sai ka jira makonni.”

Ba ƙarya ya yi ba. A Ingila abin ba shi da tsada haka. Har yanzu King Dick da Elora da Koken ta Japan suna yin su saboda masu tsofaffin MG da Jaguar da babura irin su BSA da Norton, kuma a kasuwar gwanjon kayan mota ta Beaulieu, wadda ake ci tun 1967, a cikin kwali ake zuba tsofaffinsu. Abin da ke kumbura kuɗin kafin ya iso Filato shi ne nisa da canji, da kuma cewa kuɗin aiko da ƙarfe ɗaya bai bambanta sosai da na aiko da goma ba. Oga ya taya, matashin ya sauko kaɗan ya tsaya. Ya san ba mu da wani wurin, mu ma mun san guda ɗaya ba zai gama mana aiki ba. Muka yi sallama cikin mutunci. Wani mai facin taya da ya ji cinikin ne ya bi mu ya kwatanta mana gidan wani tsoho a Bukuru.

Bukuru garin kuza ne. Tun farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Birtaniya suka kafa sansani a wannan yanki, ƙaramin dogon da ya taso daga Zariya ya iso nan a 1914 domin kwasar ma'adinin, kuma Hausawa da sauran ƙabilu suka yi ta tururuwa zuwa bariki neman aiki. Manyan injunan haƙa, da famfunan ruwa, da motocin kamfani, da yawansu daga Ingila suka zo. Sana'ar ta daɗe tana ja da baya kafin kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoban 1985. Abin da ya rage a fili shi ne kududdufai masu zurfi da tsibin jar ƙasa a gefen hanya.

Tsohon muka same shi a zaure, da hular sanyi da carbi. Ya yi aikin fita a garejin wani kamfanin kuza tun yana saurayi. Da Oga ya ambaci Landiroba sai ya gyara zama, ya tambayi mai fetur ce ko mai gas, doguwa ce ko gajera. Ya aiki jikansa ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki, kan tsumma mai mai, soket ne a jere daga ƙarami zuwa babba, Britool, kowanne da lambobi biyu a jikinsa.

Na tambaye shi dalilin lambobi biyun. Ya ɗauki ɗaya ya matso da shi kusa da idona.

“Ɗana, wannan lambar ba faɗin kan noti ba ce, kaurin jikinsa ce. Abin da ke ruɗa yaran yanzu ke nan, su ga 1/4 su ɗauka ɗan mitsitsi ne. Tsohon noti mai babban zare kansa ƙato ne. Mai ƙaramin zare, BSF, kansa ya ragu da mataki ɗaya. Saboda haka soket guda yana kama kwata na wancan, yana kama 5/16 na wannan. Lokacin yaƙin Hitila aka rage kan masu babban zaren ma don tsimin ƙarfe. Kai dai ka duba lamba ta biyu in notin bayan yaƙi ne.”

Oga ya zaro wani notin aksul daga aljihu ya sa a bakin 5/16 W. Ya shige ba rawa ba tilas. Suka dubi juna suka yi murmushi irin na mutanen da suka sha wuya ɗaya.

Ciniki ya ɗauki lokaci, domin tsohon ya ƙi raba su. Ya ce tare aka ba shi su ranar da ya gama koyon aiki, tare za su tafi. Na ce masa uku kawai muke bukata. Ya ce ya sani, amma ragowar fa? 'Ya'yansa ɗaya direba ne, ɗaya gyaran waya yake yi, babu mai sanin amfaninsu. Ranar da ya kwanta dama, mai kura zai zo ƙofar gida ya ɗora akwatin a sikeli. Ya faɗi kuɗinsa, wanda ya fi na kilo nesa ba kusa ba, amma bai kai kuɗin soket biyu a farashin matashin Dilimi ba. Na buɗe baki zan taya, Oga ya taka mini ƙafa. Sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa, kuma Oga ya kalla lokacin da yake faɗa, ba ni ba: kayan su zauna a gareji inda yara za su koyi karanta su, kada a kai su gidan Alhaji a kulle a durowa. Muka amsa, muka biya, ya sa mana albarka, ya ƙara mana da wata doguwar sanda ta ɗaura soket kyauta.

A hanyar komawa tasha na yi ta jera farashin da muka ji. Ƙarfe iri ɗaya ne, amma dillalin Panteka ya auna shi da kilo, maƙeri ya auna da guminsa, matashin Dilimi ya auna da fam, tsohon Bukuru ya auna da hannun da zai riƙe shi bayansa. Abin da ya raba su shi ne wa ya iya karanta rubutun jikin ƙarfen, kuma wa ya san motar da ke jiran sa. Masu wannan karatu suna raguwa, tirelolin kuwa ba su daina lodi ba. Duk akwatin da ya narke, na gaba da zai nema sai ya biya da canjin ranar. Da ƙungiyoyin bakanikai na kowane gari za su sa a riƙa tsince musu duk sufanar da ke da W ko BS kafin a ɗora tsibi a sikeli, su ajiye akwati ɗaya na haya a ofishinsu, da kuɗi kaɗan sun tsare abin da nan gaba sai da fam.

Na faɗa wa Oga wannan tunani muna zaune a mota a tashar hanyar Bauchi, ana jiran fasinja biyu. Ya ce shi ai ya riga ƙungiya. Tun muna Bukuru ya buga wa wani abokinsa a Dawanau waya, mai gyaran injin niƙa. Tsofaffin injunan Lister na Ingila, da irinsu da Indiya ta kwaikwaya, da notin W aka ɗaure su, kuma mutumin ya gaji da murje kawunansu da lamba 16. Akwai kuma mai tsohuwar Bedford ta ɗibar ruwa a Wudil.

“Haya zan riƙa ba su, Alhaji. Kwana ɗaya, kuɗi kaza, kuma yarona ne zai kai ya tsaya a kai ya dawo da su.”

Na ce, “Oga, da kuɗina fa aka saya.”

Ya ce, “Da kuɗinka, amma ni aka ba amana, kana zaune. Kashi ɗaya cikin uku naka.”

Na ce rabi. Ya ce albarka. Har kwandasta ya rufe ƙofa muka fara gangarowa daga dutse ba mu daidaita ba.